Yaro Ya Bar Gida, Bai Isa Makaranta Ba

Yau za mu yi magana a kan abin da ya ke da nauyi a baki. Mu mutane ne masu kunya, mun sani. Amma ciwon da aka ɓoye shi ne ya kan kashe mai shi. Saboda haka ku yi mana haƙuri, za mu faɗi magana yadda ta ke, da ladabi.

Maganar ita ce ta yaran da ke fashin makaranta. Ba mu nufin waɗanda ba a sa su makaranta ba sam. Su ma suna da yawa, gama hukumar UNICEF ta ƙiyasta sun fi miliyan 10 a Nijeriya, amma maganarsu sai wata rana. Muna nufin yaron da sunansa ke cikin rajista. Ya sa rigar makaranta da safe, ya ɗauki littattafansa, ya fita gida, amma bai isa aji ba. Ko kuwa ya isa, da aka fita tara sai ya sulale, bai koma ba. In mun ce yaro, muna nufin namiji da mace duka, musamman waɗanda suka fara tasawa, masu shekara 12 zuwa 18.

AWA SHIDA BABU MAI TSARO

Mu yi lissafi tare. Makaranta ta kan fara wajen ƙarfe 8 na safe, a tashi wajen ƙarfe 2 na rana. Awa 6 ke nan. Ran da yaro ya yi fashi, uwa tana zaton yana makaranta. Malam yana zaton yana gida, ko ba shi da lafiya, ko an aike shi. Uba yana gona ko kasuwa. Watau awa 6 cur ba wani babba da ya san inda yaron ya ke.

Da dare, in yarinya ta daɗe ba ta dawo ba, gida duka ya kan tashi nemanta. Da hantsi kuwa ba mai nema, domin kowa ya sakankance tana aji. Mu kan tsare dare, mu bar rana a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar bangon nan kuwa da rana ta ke.

To, ina su kan je? Ba su komawa gida, don kada a gane. Su kan je tashar mota, ko kasuwa, ko gidan kallo, ko shagon cajin waya, ko kangon da ba a gama ginawa ba, ko bakin rafi. Wa za su tarar a wuraren nan da hantsi? Sa'o'insu suna aji. Waɗanda za su tarar manya ne, waɗanda suka girme su da shekara 5, ko 10, ko 20, masu 'yan kuɗi a aljihu. Yawancinsu mutanen kirki ne, neman abincinsu su ke yi. Amma mugu ɗaya ya isa.

A mako ana zuwa makaranta kwana 5. Yaron da ke fashi ran kasuwa kaɗai ya rasa kwana 1 cikin 5. Zangon karatu kamar mako 13 ne, shekara kuwa zango 3. Ku tara ku gani. Ya kusa kwana 40 a shekara. Ku riƙe lissafin nan na kwana 1 cikin 5, za mu komo kansa yanzu.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Kada ku ce zato mu ke yi. Likitoci da masana sun bi sawun wannan abu a ƙasashen kudancin Afirka, inda cutar ƙanjamau ta fi yawa nesa da nan. Can ne aka fi auna shi, shi ya sa za mu kawo muku labarinsu.

A ƙasar Afirka ta Kudu, a wani yankin karkara na lardin Mpumalanga, an rubuta sunayen 'yan mata fiye da 2,500 'yan makarantar sakandare, masu shekara 13 zuwa 20. An fara a shekarar 2011. Kowace shekara a kan gwada jininsu, a kuma duba rajistar makarantarsu. Da aka gama, sai aka ga waɗanda fashinsu ya wuce kwana 1 cikin 5 sun fi sauran kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau kusan ninki 3. Da aka bincika dalili, sai aka ga masu fashi sun fi yin hulɗa da mazan da suka girme su ƙwarai, sun kuma fi yawan samari.

A ƙasar Malawi kuma, a gundumar Zomba, an yi wani gwaji daga shekarar 2008. Aka riƙa ba wasu 'yan mata 'yan makaranta da iyayensu ɗan kuɗi kowane wata, wasu kuwa ba a ba su ba. Bayan wata 18 aka gwada jini. Cikin waɗanda aka ba kuɗi, kamar 1 cikin 100 ke da ƙwayar cutar. Cikin waɗanda ba a ba, 3 cikin 100. Yarinyar da ke da kuɗin sabulu da na abinci ba ta bukatar hannun wani ƙato.

Ƙasarmu dabam, al'adarmu dabam, cutar ma ba ta kai yawan tasu ba. Amma hanyar da ɓarna ke bi ɗaya ce a ko'ina: yaro marar mai tsaro, da babba mai kuɗi, da wurin da ba ido.

YADDA ABIN KE FARAWA

Ba ya farawa da mugunta a fili. Da alheri ya ke farawa. Yau a ba yarinya kuɗin tara. Gobe a rage mata hanya a babur. Jibi a saya mata man shafawa, ko katin waya, ko wayar ma ɗungum. Ranar da za a nemi biya, yarinya ta riga ta ci bashin da ba ta san ta ci ba. Tana jin kunyar ƙi, tana jin tsoron faɗa a gida, gama za a ce mata, "Me ya kai ki can lokacin makaranta?" Mugun ya san da haka. Fashin da ta yi shi ne igiyar da ya ɗaure bakinta da ita.

Iyaye mata, ku saurara da kyau a nan. Yarinyar da aka hana ta aji aka ɗora mata talla, ita ma fashi ta yi, sai dai da izinin gida. Akwai mazan da su kan ce, "Shigo ciki in saye duka." In faranti ya dawo wayam da wuri, kuɗi cif, har da ƙari, kada murna ta hana ku tambaya. Wa ya saya? A ina? A waje ko a ɗaki? Ribar ƙosan kwana ɗaya ba ta biyan abin da za a rasa.

Kada kuma mu ce namiji ba ruwansa. Yaro namiji da ke yini a tasha ya kan faɗa hannun manyan banza. Su kan fara aikensa sayen taba, sa'an nan su koya masa shan ƙwaya, kamar tiramol, da shaƙar sholisho. A watan Mayu na 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi, saboda yadda samari da 'yan mata suka mai da shi abin maye. Wanda ya bugu ba ya auna abin da ya ke yi. Su kan nuna masa hotunan batsa a waya, su yi masa dariya su ce shi ba namiji ba ne, har su kai shi gidan mata masu zaman kansu. Akwai kuma miyagun da ke lalata yara maza kamar yadda a ke lalata mata. Yaro namiji ya fi mace ɓoye wannan. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

A nan sai mu faɗi wata magana a fili. In babba ya yaudari yaro ko yarinya, laifin na babba ne. Yaro bai gama hankali ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, jihohi kuma sun yi nasu dokokin na kare yara. Kyauta ba ta wanke mai laifi, cewa "ai ita ta zo da ƙafarta" ma ba ta wanke shi.

CUTUTTUKAN DA KE BIYO BAYA

Akwai cututtukan da a ke ɗauka ta wurin saduwa. Za mu ambaci guda 5, domin ku san alamunsu.

Na fari, ciwon sanyi. Namiji ya kan ji zafin fitsari bayan 'yan kwanaki, mugunya ta riƙa fita. Mace kuwa sau da yawa ba ta jin kome. Ciwon ya hau a hankali ya toshe hanyar da ƙwan haihuwa ke bi. Bayan shekaru ta yi aure, haihuwa ta ƙi, a yi ta zargin mayu da kishiya. In ta haihu da ciwon a jikinta, ya kan shiga idon jariri har ya makanta shi. Amma ku lura, ba kowane ƙaiƙayi ko ruwa ba ne wannan ciwo. Akwai irin da kan sami mace ko ba ta san namiji ba. Ma'aikacin asibiti ne ke bambancewa, saboda haka kada a yi wa yarinya ƙazafi.

Na biyu, tunjere. Kamar mako 3 bayan an ɗauka, wani ɗan gyambo marar zafi ya kan fito. Ya kan warke da kansa, mutum ya ce ya rabu da shi. Ashe ciwon ya shige jini. Daga baya ƙuraje su fito, har a tafin hannu da tafin ƙafa. In an bar shi shekaru, ya kan taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa. Mace mai ciki kuwa ya kan sa ta ɓari, ko ta haifi ɗa ba rai. Allurar penisilin tana warkar da shi sarai in an je da wuri.

Na uku, ƙanjamau, cuta mai karya garkuwar jiki, wadda ƙwayar HIV ke kawowa. An fara ba da labarinta a Nijeriya a shekarar 1986. A 2018 aka bi gida gida a ƙasar nan aka gwada jinin mutane. Aka samu cikin masu shekara 15 zuwa 49, mutum 14 cikin 1,000 na ɗauke da ita. Mata sun ninka maza. Cikin masu shekara 20 zuwa 24 kuwa, mata sun ninka maza fiye da sau 3. Mutum ya kan yi shekaru da ƙwayar a jikinsa yana ƙato lafiyayye. Ba a gane ta da ido, sai da gwajin jini. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko cizon sauro. Har yanzu ba maganin da ke fitar da ita daga jiki, amma akwai mai danne ta, tun 2006 kuwa gwamnati ta mai da shi kyauta. Wanda ke shan maganinsa kullum ya kan yi tsawon rai, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu.

Na huɗu, ciwon hanta irin na B. Shi ma ta jini da saduwa a ke ɗauka, uwa kuma ta kan ba jariri wajen haihuwa. Ya kan kawo shawara, ido ya yi ɗorawa. Wani kuwa ba ya ganin alama sai hanta ta lalace. Tun 2004 allurar rigakafinsa tana cikin alluran da a ke yi wa jarirai.

Na biyar, ƙwayar HPV, wadda ke kawo ciwon daji na bakin mahaifa. A kan ɗauke ta da ƙuruciya, ciwon ya bayyana bayan shekara 15 ko 20. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta, allura ɗaya tak, kyauta. Ba ta hana haihuwa. Ku kai 'ya'yanku.

Gargaɗi ɗaya game da magani. Yaro mai jin kunya ya kan je wurin mai kemis ko mai tallan magani a kasuwa ya sayi kafso biyu ko uku. Zafi ya lafa, ƙwayar cuta ba ta mutu ba, sai ma ta yi taurin kai, maganin ya daina kama ta. Likitoci a duniya duka suna kuka da ciwon sanyin da ya ƙi jin magani saboda irin wannan. A je asibiti, a sha magani har ya ƙare, a kuma yi wa ɗayan magani, in ba haka ba ciwon ya dawo.

CIKI KAFIN LOKACI

Yarinya tana iya ɗaukar ciki daga saduwa ɗaya, ko da ta fari ce. Tana iya ɗauka tun ma ba ta fara ganin al'ada sosai ba. Wanka, ko tsalle, ko shan kanwa, ko jiƙo, ba su hanawa.

Jikin yarinya ƙarama bai gama ƙosawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu haihuwa kafin shekara 20 sun fi fuskantar jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, da zazzaɓin bayan haihuwa. 'Ya'yansu kuma sun fi zuwa bakwaini ko ƙanana. Cikin da aka ɓoye ya fi kowane haɗari, domin ba awo, ba maganin ƙarin jini, ba mai duba hawan jini.

In naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku kan ɗa ya kasa fita, ya kan danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya huje. Shi ne yoyon fitsari. Ana ɗinke shi a asibitoci na musamman, kamar na Babbar Ruga a Katsina. Mata da yawa sun warke. Amma sau da yawa ɗan ya riga ya mutu.

Wata kuwa tsoro ya kan kai ta wurin mai zubar da ciki a ɓoye. A ba ta abin sha mai ƙarfi, ko a sa mata ƙarfe marar tsabta. Jini ya ɓalle, ko ciki ya ruɓe. Wata ta mutu a ɗaki, iyaye ba su san dalili ba. Wata ta rayu, mahaifa ta lalace. Wadda ta haihu lafiya ma, karatu ya tsaya. Namijin da ya yi cikin kuwa sau da yawa ya shiga mota ya bar gari.

ME YA SA YARO KE FASHI?

Kafin mu ɗauki bulala, mu tambayi dalili. Ba kowane fashi ba ne iskanci.

Wani yaro ya makara ne saboda ɗebo ruwa ko kiwo. Ya san in ya isa ƙofar makaranta duka zai sha, sai ya juya. Wani yunwa ce, ya fita bai karya ba. Wani an kore shi a kan kuɗin jarrabawa, ko littafi, ko yagaggiyar riga, yana jin nauyin faɗa wa ubansa don ya san babu. Wani ya kai aji 5 bai iya karatu ba, ana yi masa dariya. Wani manyan yara ke cin zalinsa a hanya. Wani kuwa ya je sau da yawa ya tarar malam bai zo ba.

'Yan mata suna da wani dalili da ba su faɗa wa maza. Yarinyar da ta fara al'ada, in makaranta ba ta da bayan gida mai ƙofa da ruwa, in kuma ba ta da ƙunzugu mai kyau, ta kan zauna kwana 3 ko 4 kowane wata. Daga nan karatu ya wuce ta, sha'awa ta fita. Wata ma wani ne a cikin makarantar ko a kan hanya ke damunta da maganar banza, gudunsa ta ke yi.

Sa'an nan akwai fashin da mu iyaye mu ke sawa da kanmu: ran kasuwa, ran biki, lokacin shuka da girbi, da talla. Mu tuna, dokar ilmi ta 2004 ta ce karatun shekara 9, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma tilas. Uban da ya ƙi, da fari a yi masa gargaɗi. In ya sake, tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Ba don tsoron tara mu ke faɗa ba, sai don ku san hakkin yaro ne.

ABIN DA ZA MU YI

Na ɗaya, mu duba littafin yaro. Ku da ke wannan aji kun fara sanin baƙi da lamba. Kowane aikin makaranta a kan rubuta kwanan wata a kansa. Da yamma ka ce, "Kawo littafinka in gani." Nemi kwanan watan yau. In babu, nemi na jiya. In ka ga an tsallake Talata, an tsallake Alhamis, ka san akwai magana. Wannan ba ya cin ko kwabo, ba ya cin minti 5.

Na biyu, mu san malamin ɗanmu, shi ma ya san mu. Mu je makaranta ko sau ɗaya a wata, mu roƙi a nuna mana rajista. Mu bar lambar waya, tamu ko ta maƙwabci, mu ce, "Malam, ran da ba ka gan shi ba, ka sanar da mu ran nan, kada ka bari sai ƙarshen zango." In gida da makaranta suna magana, awa 6 ɗin nan sun sami mai tsaro.

Na uku, mu shiga taron iyaye da malamai, da kwamitin kula da makaranta. A can a ke maganar gina bayan gida na 'yan mata dabam, da ruwa, da malamin da ba ya zuwa. Mu roƙi malamai su bar yaron da ya makara ya shiga aji, a yi masa horon da ba zai kore shi ba. Gara ya makara da ya yini a tasha.

Na huɗu, yara su riƙa tafiya ƙungiya, su dawo ƙungiya, musamman inda makaranta ke da nisa. Mai unguwa da dagaci su yi magana da shugabannin tasha, da masu gidan kallo, da masu shago, cewa kada a bar mai rigar makaranta ya zauna lokacin aji. Ɗa na kowa ne. In ka ga ɗan maƙwabcinka a kasuwa da hantsi, ka tambaye shi, ka kuma gaya wa ubansa. Uban kuma ya yi godiya, kada ya yi fushi.

Na biyar, talla. Mun san talauci gaskiya ne, da ribar tallan nan a ke cefane, da ita a ke tara kayan ɗaki. In ba makawa, to, a yi bayan an tashi makaranta, a cikin unguwa, su biyu ko uku tare, a dawo kafin magariba. A kafa wa yarinya doka: ba shiga ɗakin kowa, ba shiga shago, ba shiga mota. Mai saye ya fito waje.

Na shida, mu lura da abin da ya shigo gida. Sabuwar waya, ko turare, ko kuɗin da ba mu bayar ba, mu tambayi inda suka fito. Mu kuma ba yaro ɗan abin da za mu iya, ko ƙanƙane ne, ya karya kumallo kafin ya fita. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma yunwa ce ke fara buɗe ƙofa.

Na bakwai, mu yi musu magana. In uwa tana jin kunyar 'yar fari, akwai goggo, akwai inna, akwai kaka. In uba yana jin nauyi, akwai kawu, akwai baffa, akwai malamin Islamiyya. A gaya wa yarinya abin da al'ada ta ke nufi tun ba ta fara ba. A gaya wa yaro abin da balaga ta ke nufi. A gaya musu kame kai har aure shi ne kariyar da ba ta da ɓaraka. A gaya musu jikinsu nasu ne, ba mai ikon taɓa su, ko malami ne, ko ɗan'uwa ne, ko mai kuɗi ne. Faɗa musu gaskiya ba ya lalata su. In ba mu faɗa ba, 'yan tasha za su faɗa, su kuwa ƙarya za su koya musu. Saurayi ko budurwar da aka san sun riga sun faɗa cikin wannan hali, a yi musu nasiha, a kuma kai su wurin ma'aikacin lafiya ya gwada su, ya bayyana musu hanyoyin kariya, har da kwaroron roba, domin kada kuskure ya zama ajali.

IN ABIN YA RIGA YA FARU

Wannan shi ne abin da mu ke so kowa ya haddace. In an yi wa yaro ko yarinya fyaɗe, ko an yaudare su, a kai su asibiti nan da nan, kada a wuce kwana 3, watau awa 72. Akwai maganin da a ke sha kwana 28, mai hana ƙwayar ƙanjamau kama jiki, amma sai an fara shi cikin kwana 3 ɗin nan ya ke aiki. Akwai kuma na hana ɗaukar ciki, da na sauran cututtuka. Ko awa ɗaya aka rage, riba ce. In da hali, kada a yi wanka, kada a wanke tufafin, domin shaida ce. A Kano akwai cibiyar Waraka, a Jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama, an kafa su domin wannan aiki. Inda babu irinsu, a je babban asibiti mafi kusa. Bayan wata 3 a koma a sake gwajin jini.

Sau da yawa kwana 3 ɗin nan su kan ƙare wajen taron dangi, ana shawarar yadda za a rufa asiri. Asibiti tukuna, shawara daga baya. Kada a karɓi kuɗin mai laifi a yi shiru, gama wanda aka rufa wa asiri yau, gobe 'yar wani zai taɓa. A kai ƙara wurin hukuma.

Kada a doki yarinya, kada a kore ta daga gida. Yaron da ya san duka zai sha ba ya faɗin gaskiya, wadda aka kora kuwa hannun miyagu za ta koma. In ciki ya shiga, a kai ta awo, ta haihu a asibiti. In ta yaye, ta koma karatu, ko a makarantar da ta bari, ko a wata, ko a aji irin wannan namu. Ƙofar ilmi ba ta rufuwa don mutum ya yi tuntuɓe.

Jama'a, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Gobe da safe, in ɗanka ya fita, kada ka ce ya tafi makaranta sai ka tabbata ya isa. Da yamma kuwa ka buɗe littafinsa ka nemi kwanan wata. Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare su daga sharrin miyagu.

TAMBAYOYI

1. In yaro yana fashi kwana 1 kowane mako, kwana nawa zai rasa a zango mai mako 13?
2. Faɗi dalilai 3 da ke sa yaro fashin makaranta.
3. Me za ka nema a cikin littafin ɗanka da yamma?
4. Cikin kwana nawa ya kamata a kai wanda aka yi wa fyaɗe asibiti? Don me?
5. 'Yan mata masu shekara nawa a ke yi wa allurar rigakafin ciwon daji na bakin mahaifa?